Wasiƙun Kaltumi ta Barmu

Mushe Filibus, wato Malam Filibus a bakin 'yan makarantar boko, ya yi shekara talatin da bakwai yana koyar da yara a lakkol, daga Barmu zuwa Afala, daga Afala zuwa cikin garin Tawa, inda ya ajiye alli ya zauna. Asalinsa mutumin kudu ne, daga wajen Maraɗi, Kirista ɗan Kirista, amma Adar ta riƙe shi har harshensa ya juya. Cikin yaran da suka bi ta hannunsa akwai waɗanda yake tunawa don kaifin kai, akwai waɗanda yake tunawa don ƙiriniya. Abdurazak kuwa abu guda ya sa bai manta da shi ba: shi ne yaron da ya taɓa kwafe jarrabawar maƙwabcinsa har da sunan maƙwabcin.

To, wannan Abdurazak ɗin ne ya tsaya ƙofar gidan Mushe wata ranar Talata da hantsi, cikin farar motar ma'aikata. Yanzu darekta ne a wani ofishi, ya ajiye tumbi, waya biyu a hannu guda. Ya gaishe da tsohon malaminsa rabin ido na kan waya, sa'an nan ya sa direba ya sauko da akwatunan ƙarfe uku, duk sun yi tsatsa.

"Mushe, takardun Baba ne," in ji Abdurazak. "Bana shekara ashirin da biyar da rasuwa tai. Za mu yi babban taro, manya za su zo daga Yamai. Muna son a zaɓo takardun da za a sa cikin gilashi mutane su gani. Kai kaɗai ka rage cikin garin ga mai iya karatun hannun mutanen da."

"Kai hwa? Ba ɗanai ba ne kai?"

"Aiki ya yi man yawa, Mushe."

"Ka dai karanta littahin ko?"

"Haba Mushe! Littahin Baba?"

Filibus ya lura wannan ba amsa ba ce, amma bai ja maganar ba.

Uban Abdurazak, marigayi Almustafa Ciɗo, marubuci ne, kuma littafi ɗaya ne ya yi masa suna. Da Faransanci ya rubuta shi, a kan yunwar da aka yi a Adar shekara ta saba'in da uku zuwa da huɗu. In an juya sunan littafin da Hausa sai a ce Shekarar Anza, wato 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da ake jiƙawa kwana da kwanaki kafin su ciwu. Turawa sun yaba, sun ba shi lambar girma, sun ce ga wanda ya ga yunwa da idonsa. Mutanen Barmu, garin da aka haife shi, sun san a shekarun nan biyu ko ƙurar motarsa ba su gani ba. Amma su ba su karanta Faransanci, kuma ba wanda ya tambaye su.

Filibus ya karɓi aikin. Matarsa Esta ta ce warin ɓera ba zai shigar mata ɗaki ba, sai ya shimfiɗa tabarma a rumfa ya buɗe akwatin farko.

Hotuna ne da katunan gayyata. Almustafa da kwat. Almustafa yana gaisawa da Bature. Almustafa riƙe da alƙalami yana kallon sama kamar mai duban wata. Har da takardar jerin abincin wani otel a Faransa, ya ja layi ƙarƙashin abin da ya ci. Akwati na biyu kwafin wasiƙun da ya aika wa manya ne, don bai taɓa rubuta kalma ba sai ya ajiye kwafinta, saboda masu zuwa baya. Filibus ya jera su bisa tabarma shekara bi shekara, ya yi dariya shi kaɗai. Duk gwamnatin da ta zo, wasiƙar ɗaya ce: ga ɗan ƙasa mai kishi, ga alƙalaminsa a shirye, in da kujera a ofishin jakadanci ba zai ƙi ba. Suna kawai ake canzawa a sama.

"Mi ka ba ka dariya, Baban Ezekiyel?" Esta ta tambaya daga madafa.

"Zakin Adar nika kallo shina kaɗa wutsiya," in ji shi.

Rana ta huɗu ya kai ga akwati na uku. Gara ta ci rabin abin da ke ciki, kuma a ganin Filibus ta yi zaɓe mai kyau. A can ƙasa ya tarar da wani ƙunshi ɗaure da tsumma. Ya kwance. Takardu ne da aka yago daga kaye, littafin rubutun 'yan lakkol, masu layi-layi, sun yi ja don tsufa. Ya kai ta farko kusa da tabarau. Rubutun hannunsa ne, shi Filibus. Wannan ƙ ɗin mai doguwar ƙugiya, ba mai yin ta haka sai shi.

Wasiƙu goma sha ɗaya, da Hausa, dukansu daga Kaltumi ɗiyar Ciɗo, ƙanwar Almustafa uwa ɗaya uba ɗaya.

Lokacin yunwar, Filibus saurayi ne ɗan shekara ashirin da uku, sabon malami a Barmu. Ajinsa ya watse, yara sun bi iyayensu kudu. Kaltumi na cikin waɗanda suka zauna, don mijinta Rissa ya tafi cirani ya bar ta da tsohuwar uwarsa da 'yarsu Aminata mai shekara huɗu. Duk ranar kasuwa takan zo lakkol ta tsuguna bakin ƙofa, ta faɗi abin da za a rubuta wa wanta a Yamai, shi kuwa Filibus ya rubuta ya ba direban babbar mota. Hatsi take roƙo. Amsa kuwa tana zuwa, cikin ambulan mai kyau, kuma Filibus ne ke karanta mata. Gaisuwa, addu'a, sai tambayoyi. Kwana nawa ake jiƙa anza? Da me mata ke tona gidan tururuwa, kuma tsaba nawa ake samu? In saniya ta faɗi, me take fara yi? Hatsi bai taɓa zuwa ba.

Yanzu ga wasiƙun a gabansa, bayan shekara hamsin, kuma an yi musu aiki da jan fensir. An ja layi nan, an zagaye can, an rubuta a gefe da Faransanci: babi na biyu, babi na biyar, wannan ya yi kyau a buɗe da shi. Kamar yadda mahauci ke shata rago kafin ya sa wuƙa. A wasiƙa ta tara, wadda ke ɗauke da labarin rasuwar Aminata, jan fensir ya rubuta kalma huɗu a gefe: ya yi gajere, ƙaro.

Filibus bai yi mamaki ba. Tun shekarar da littafin ya fito ya saye shi ya karanta, ya ga jimlolinsa sun sa kwat sun koma Faransanci. Angulayen da suka ƙoshi har suka kasa tashi, nasa ne. Sararin sama mai kama da bayan tasa, nasa ne. Matan da ke tafiya daji a jere da asuba ba mai magana, nasa ne. Shekara arba'in da biyar yana gaya wa Esta, "Rabin littahin ga nawa ne." Ita kuwa amsarta ba ta canzawa: "To tahi ka amso rabinka." Bai taɓa zuwa ba. Wane ne malamin firamare da zai ja da mai lambar girma, ba shi da ko takarda a hannu? Yau ga takarda.

Da Abdurazak ya zo duba aiki, Filibus ya shimfiɗa masa wasiƙun, ya ɗauko littafin, ya nuna masa layi da layi. Abdurazak ya yi ta gyaɗa kai, fuskarsa ta washe.

"Wanga shi ne bincike, Mushe! Ka gani, Baba ba ya rubutu da ka. Za mu sa su tsakiyar gilashi, mu rubuta: muryar talakawa wadda marubuci ya tattara."

"Muryar wa?"

"Wata mata ta karkara."

"Gwaggonka ta. Ƙanwar ubanka. Tana nan da ranta a Barmu."

"Na sani, Mushe. Za mu aika mata zanen taro, mai hoton Baba."

"Yaushe rabonka da ita?"

Abdurazak ya duba wayarsa. Filibus ya ɗauko wasiƙa ta tara, ya sa yatsa a kan jan fensir, ya fassara masa kalmomin huɗu, ko da yake darekta ai ya kamata ya ji Faransanci. Abdurazak ya karanta, ya sake karantawa. Wannan karon ya gane. Ya kalli ƙofa, ya rage murya.

"Wagga a hidda ta. Sauran goma sun isa. Kuma wanga jan rubutu, ba a iya goge shi?"

"Ana iyawa," in ji Filibus. "Gara ma ta iya."

"Mushe, mutuncin gida nika tsaro. Ka aje man su gehe, jibi direba na zuwa."

Washegari da sassafe Filibus ya sa wasiƙun cikin jakar fata, ya hau kabu-kabu zuwa tasha, ya shiga motar Barmu. An cusa su bakwai a kujerar mutum huɗu, da buhun albasa a kan ƙafarsa, amma ko a jikinsa. Zuciyarsa fari ƙal. Duk tsawon hanya, tsakanin duwatsu da gonakin da aka girbe, yana shirya jawabin da zai yi: an zalunce mu ni da ke, Kaltumi, ga shaida ta fito. Yana ganin yadda za ta yi kuka ta sa masa albarka.

Ya same ta a gindin itacen bedi cikin gidan jikanta, tana saƙar tabarmar kaba. Ta tsufa ta bushe kamar ƙirare, amma idonta garau. Ta dube shi daga hula har takalmi.

"Mushen lakkol," ta ce. "Ba ka mutu ba?"

"Ban mutu ba, Kaltumi. Mun same ku lahiya?"

"Ga ta nan dai. Zamna."

Aka kawo masa fura ya sha. Ya ba ta labarin akwatuna, da taron da za a yi, da gilashi, da jan fensir. Ya gaya mata duniya ta karanta maganarta da sunan wani. Ita dai hannunta bai bar kaba ba.

"Cikin littahin, mi yac ce ga Aminata?" ta tambaya.

"Ya canza mata suna. Ya ce ta cika bisa cinyar uwarta da maraice, tana murmushi."

Kaltumi ta yi tsaki, gajere. "Takardun da ya aiko man kuwa, in su kaka nema, na hura wuta da su tun shekarar. Takarda na kama wuta da kyau. Amfanin da na samu gare shi ke nan. Nawa hwa, karanta man in ji. Ban taɓa jin su ba."

Sai a lokacin Filibus ya tuna gaskiya ne. Bai taɓa maimaita mata abin da ya rubuta ba. Takan faɗi nata ta tashi, don anza na jiran ta.

Ya zaɓi ta takwas, wadda ya fi alfahari da ita. Ya gyara tabarau, ya gyara murya irin ta aji. Gaisuwa ta ci rabin shafi: zuwa ga yayana abin alfaharinmu, hasken gidan Ciɗo. Daga nan sai sararin sama mai kama da bayan tasa, sai angulaye, sai mata a jere da asuba. Shafi biyu cur. A can ƙarshe, layi biyu: Aminata ba ta jin daɗi kwanakin nan. In da hali, a taimaka mana da ɗan hatsi.

Hannun Kaltumi ya tsaya.

"Dakata. Wa yac ce haka?"

"Ke, Kaltumi. Wasiƙarki ta."

"Ni? Ni nac ce angulu? Ina ruwana da angulu, ina ruwana da tasa? Na tuna ranar, Mushe, don ranar na bar ɗiyata ba ta iya ɗaga kai. Ce maka na yi, ka ce ma Almustafa Aminata ta kwana ukku ba ta haɗiye komi ba sai ruwa. Ka ce mishi in bai aiko da buhu ba kahin kasuwa ta zagayo, to ya aiko da likkahani. Kuma nac ce ka ce mishi Allah ya isa nonon da munka sha ni da shi. Ina su cikin takardag ga?"

Filibus ya duba takardar kamar zai same su a bayanta. Ba su nan, kuma ya san dalili. Abin ya dawo masa sarai, kamar jiya. Ya ga ba ladabi a aika wa babban mutum na Yamai irin wannan magana. Ya kuma so wannan babban mutum, mai rubutu a jarida, ya san cewa a can ƙauye akwai wani malami mai hannu. Yakan rubuta abin da ta faɗa a gurguje a bayan kaye, in ta tafi ya zauna ya tace, ya ƙawata, ya sake kwafewa da sabon bakin alƙalami. Duk amsar da ta zo, kafin ya karanta mata sai ya leƙa ƙarshenta, ko Almustafa ya tambayi wane ne mai rubuta mata wasiƙa haka. Bai taɓa tambaya ba.

"Na ga kamar maganar ta yi kaushi," ya ce a hankali.

"Kaushi," in ji Kaltumi. Ta juya kalmar a baki kamar tsakuwa cikin tuwo. "Karanta sauran."

Ya karanta su duka, tun daga ta fari. Ba ta sake katse shi ba. Kowace wasiƙa haka take: kwalliya a sama, kwalliya a tsakiya, roƙon hatsi a ƙasa, ya sunkuyar da kai kamar baƙo a bakin zaure. Da ya gama rana ta take tsaka.

"To ka ji," ta ce. "Kai ka yi ma yunwata kwalliya, shi ya kai ta kasuwar Nasara ya saida. Yanzu ka biyo mota tun daga Tawa ka ce man an yi maka sata."

"Da na rubuta yadda kinka ce, wataƙila da ya aiko."

"A'a, kada ka wanke shi da ruwanka. Cikin gidan ga anka haihe shi, ya san yunwa, ya san mi aka nuhi da ɗan hatsi. Ko waƙa kar rubuta mishi ya gane. Shi mugu ne mai ilimi. Kai kuwa ba ka kai mugu ba. Yaro ne kai mai son a ce ya iya."

Filibus, mai shekara saba'in da uku, ya sunkuyar da kai kamar wanda aka tsayar gaban allo.

Ta miƙo hannu ya ba ta wasiƙun. Ta ɗaga gefen tabarmar da take zaune a kai ta tura su ƙarƙashi.

"Abdurazak zai neme su," in ji shi.

"Ya zo ya amsa. In ya san hanya." Ta ja wani zaren kaba. "Kana da alƙalami? Za ka rubuta man ta goma sha biyu, ka karanta musu wurin taron. Yadda nac ce, ba yadda kac ce ba."

Ya ciro bik da takarda. Ta faɗa, ya rubuta, ba ta yi minti biyar ba. Ya ce bari ya maimaita mata. Ta ce a'a. Ta ɗaga murya ta kira maƙwabcinta Attaher, tela ne mai furfura wanda ya yi lakkol, ta ce shi ya karanta mata abin da Mushe ya rubuta. Attaher ya karanta yana haɗa baƙi da ƙyar, yana satar kallon baƙon. Filibus ya ji wannan ya fi duk abin da ta faɗa zafi.

"Haka nac ce," in ji Kaltumi. "Ka sauka lahiya, Mushe."

Ranar taro aka ce ƙarfe tara, ba a fara ba sai da rana ta kusa tsaka, don babban baƙo na karin kumallo. An kafa rumfuna a filin wani zauren taro, kujerun roba a baya, masu laushi a gaba. Mata sun ɗaura zane mai fuskar Almustafa, wata fuskar a ciki, wata a mazaunai. Cikin gilashi an jera hoton mai duban wata, da lambar girma, da tabaransa, da alƙalami wanda Filibus ya tabbata bai gan shi cikin akwatunan ba. Abdurazak ya tare shi tun a ƙofa.

"Mushe, ina takardun nan goma?"

"Bayan taro mu yi magana."

Aka yi jawabai. Wani ya ce Almustafa giwa ne. Wani ya ce rumbu ne. Wani farfesa daga Yamai ya yi minti arba'in da Faransanci yana bayanin ma'anar angulu a babi na biyu, ya ce alama ce ta mulkin mallaka. Filibus ya tuna angulayen. Bayan mahautar Barmu ya gan su, kuma angulaye ne kawai.

Daga ƙarshe mai gabatarwa ya ce ga tsohon malami da ya taimaka wajen tsara takardu, an ba shi minti uku. Filibus ya hau. Bai gaishe da manya ɗaya bayan ɗaya ba kamar yadda aka saba. Ya buɗe takarda ya karanta da Hausa:

"Daga Kaltumi ɗiyar Ciɗo ta Barmu, zuwa ga masu taro. Ban gaishe ku ba don ban san ku ba. Almustafa wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekarar anza na aika mishi sau goma sha ɗaya ya aiko man hatsi. Bai aiko ba, tambaya ya aiko. Ɗiyata sunanta Aminata, ba sunan da yas sa mata ba. An ce cikin littahi ta mutu bisa cinyata tana murmushi. Ƙarya ne. Ta mutu ina daji wurin ɗibar anza, ita ɗai cikin ɗaki, kakarta na barci. Ban san ko ta yi murmushi ba. Wanda ya rubuta man takardun can shi ne ka karanta muku wagga. Shi ma bai rubuta abin da nac ce ba, ya sa nashi don a yaba mishi. Ku tambaye shi. Ku ci abincinku."

Ya naɗe takardar. A layin gaba, babban baƙo na magana da na kusa da shi. Farfesa na shan ruwan gora, ga alama Hausarsa ba ta kai nan ba. Biyu na latsa waya. Mai gabatarwa, wanda ya fita duba ko abinci ya iso, ya dawo da gudu ya karɓi makirfo.

"Kai! Shaida mai ratsa zuciya daga dangin marigayi! A tafa mata!"

Aka tafa. Tafi mai ƙarfi kuwa, don mutane sun ji ƙamshin shinkafa. A can baya ne kawai, wajen kujerun roba, Filibus ya ga wasu tsofaffi ba su ɗaga hannu ba. Wata tsohuwa ta ja mayafi ta rufe fuska, ta tashi ta fita ba ta jira abinci ba.

Abdurazak ya ji kowace kalma. Ya cim ma Filibus a bayan rumfa, gumi na bin wuyan babbar rigarsa.

"Mushe, ka ci amanata. Gaban manya! Ina takardun?"

"Suna Barmu, ƙarƙashin tabarmar gwaggonka. Ta ce ka zo ka amsa."

"Kayan gadonmu ne. Zan iya kai ka ƙara."

"Kai ni. Sai a karanta su gaban alƙali, har da jan fensir."

Abdurazak bai kai ƙara ba, bai kuma je Barmu ba. Ya aiko direba ya kwashe akwatunan uku, ya daina gaishe da Mushe ko a wurin jana'iza. Rediyo ta ba da labarin taron da yamma, ta ce an yi lafiya an tashi lafiya, har ƙanwar marigayi ta aiko da saƙon godiya.

Filibus ya zauna a gida yana jiran wani ya zo ya tambaye shi, tun da wasiƙar ta ce a tambaye shi. Ya shirya amsa, ya ƙudurta ba zai rage komai ba. Mako ya wuce. Ba ɗan jarida, ba farfesa, ba ko maƙwabci. Wani tsohon ɗalibinsa da ya gamu da shi a kasuwa cewa ya yi, "Mushe, jawabinka ya yi daɗi, muryarka na nan yadda take."

Ranar kwana tara wayarsa ta yi ƙara yana cin tuwo. Attaher tela ne daga Barmu, ya ce ga tsohuwa na son magana.

"Mushe," in ji muryar Kaltumi, da ƙarfi, irin ta wadda ba ta yarda da waya ba. "Ka karanta?"

"Na karanta."

"Duka?"

"Duka."

"Har da wurin da ya shahe ka?"

"Har da shi."

"Mi sunka ce?"

Filibus ya dubi Esta, wadda ta tsaya da ludayi a hannu tana saurare.

"Sun tafa," ya ce.

Sai ya ji ta yi dariya, 'yar gajera, ta hanci.

"To," ta ce. "Ungo wayarka, Attaher."

Attaher bai kashe nan da nan ba. Filibus ya ji ta daga nesa tana yi wa wata akuya faɗa ta fita mata daga cikin kaba. Ya ajiye wayar, ya jawo kwanon tuwonsa, wanda ya riga ya huce.